Littafin Waɗanda Suka Faɗi

Kakana Idwal Prosser sau ɗaya ya taɓa yin dambe,
a tantin 'yan wasa, ranar kasuwar Pontypridd,
yana ɗan sha bakwai, ƙafafu kamar sillen kara.
Daƙiƙa arba'in. Ya ce bai ga hannun ba,
sai rufin tanti yana juyawa,
da takalmin alƙalin wasa da ya wage baki.
"Daga ƙasa," in ji shi, "aka fi ganin mutane."
Ya tashi da haƙori a tafin hannu,
ya sayi fensir da ladan shan kashi.

Ramin kwal ya cinye ubansa da baƙin tari.
Shi kuwa bakin igiya ya zauna,
shekara talatin da ɗaya, kujera ta uku daga kusurwa,
inda gumi ke ɗigo wa mutum a takarda,
wani lokacin ba gumi kaɗai ba.
Ƙararrawar ƙarshe na kaɗawa
sai ya ruga cikin ruwan sama zuwa akwatin tarho,
aljihu na kacau-kacau da sulalla,
yana karanta wa jarida labari har da waƙafi da aya,
kafin injin bugu ya farka.

Akwai wani yaro, Emlyn Maddock, mai raba madara da asuba.
Ya durƙusa a zagaye na shida, ya ƙi tashi.
Kakana ya rubuta kalma bakwai:
"Yana da hannu, ba shi da zuciya."
Gari duka ya karanta. Uwarsa ma ta karanta.

Bayan wata uku, a Cardiff, yaron ya ƙi faɗuwa.
Zagaye goma sha biyar yana tsaye kamar turke,
fuska ta zama abin da ba a faɗa.
Ya leƙo ta saman igiya ya ce,
"Ka gani, Mista Prosser?"
Daga ranar bai ƙara iya ɗaure takalminsa ba.

Magana zarar bunu.
Kakana ya mayar da katin shiga, ya bar kujerar.

Sai ya koma bin waɗanda ba a bi.
Ƙurar laburare, tsoffin fastoci, rajistar coci,
gidajen tsofaffi masu warin kabeji da magani,
yana jan rikoda mai nauyin jariri a motar haya.
Zakaru ba su dame shi ba, suna da maroƙansu.
Yana neman mutumin da aka kira ranar Juma'a
don a doke shi ranar Asabar,
ya koma rami Litinin da ido a kumbure.
Wani Trefor Gwilt, karo ɗari da sha biyu, faɗuwa casa'in:
shekara huɗu kakana na haƙa
har ya gano nasara ɗaya da aka manta a rubuta masa.
Ya kai wa matar marigayin takardar da hannunsa.
Ta ce, "Ai ya sha faɗa mana. Ba mu yarda ba."

Da idonsa ya dushe, ni na gaji tafireta.
Yana faɗa, ina bugawa, yana faɗa mini na yi sauri.
Littafin ya fito, kwafi ɗari uku.
Rabinsu na nan ƙarƙashin matakala.

Kowace Alhamis kuwa, ko da ƙanƙara,
sai ya hau tudun Graig da sanda,
ya durƙusa gaban Emlyn Maddock,
tsoho gaban tsoho,
ya ɗaure masa takalmi da laluben yatsa.
Ba sa maganar dambe. Shayi kawai.

Jiya na buɗe kwali na ƙarshe.
Katuna dubu shida, kowa da sunansa da ƙidayarsa.
A harafin P na tarar da nasa:
karo ɗaya, faɗuwa ɗaya.
A ƙasa ya soke "ɗaya" da fensir,
ya rubuta "biyu".

Yau Alhamis.
Ban san ko Emlyn zai gane ni ba.