Minti Biyu-Biyu

A Oulu, can ƙuryar arewacin Finland,
inda rana ke leƙowa ta ce sannu ta koma,
Tuulikki na cin abinci da raba gardama,
ba ta mutane ba, ta cikin na'ura.
Ƙwaƙwalwa guda, ayyuka ɗari uku,
kowanne ya miƙo kwano yana "Ni! Ni!"
Ita ke gyara dokar ludayin:
wanda ya fi ƙarancin sha, shi za a zuba wa,
kurɓi ɗaya, bai kai ƙiftawar ido ba,
a janye shi, a kira na baya.
Tsabar sauri, kowa na zaton tukunyar tasa ce.

To a gidanta banɗaki ɗaya ne, mutum biyar.
Ran Litinin ta gaji da bugun ƙofa,
ta ɗauko agogon dafa ƙwai ta kafa a taga.
"Minti biyu-biyu. Ya yi ƙara, ka fito.
Na'ura ma ta bi ni, balle masu cin burodina."

Ilmari, maigida, ya shiga.
Yana kan tuɓe rigar sanyi ta uku, ƙirrr!
Ya mayar, ya fito a bushe.
Saku, auta, ya kai sabulu ka, ƙirrr!
Ya fito ido rufe yana laluben bango,
kumfa na ɗiga a kan kyanwa.
Zagaye huɗu: a tuɓe, a mayar,
a tuɓe, a mayar,
ba wanda ruwa ya taɓa wa gadon baya.
Ta rubuta a bayan rasit:
sauyin hannu ma cin lokaci gare shi.
Ta san haka tun jami'a,
da silifa ne ba ta taɓa ganinsa ba.

Tsoho Eerikki, mutumin kirki,
layi na zuwa kansa sai ya ja gefe:
"Wuce, jikana, ni ba na sauri."
A na'ura ma akwai irinsu, masu kara,
a yaba halinsu, a manta da su.
Sai ran Alhamis aka lura
rabonsa da ruwa tun Lahadi.
Kyanwa ce ta fara sauya kujera.

Venla kuwa, da ta share safiya tana minshari,
ta taso takwas saura, gashi a tsaye.
Lissafi ya ce ba ta ci ko daƙiƙa ba,
ta wuce gaban kowa tana hamma.
"Wane irin adalci ne wannan?" in ji Ilmari.
"Irin wanda ake ba ni albashi a kansa."

Ran Juma'a jirginsa na takwas da kwata,
aka ɗaga darajarsa, aka cire masa agogo.
Ya shiga, ya jiƙe sharkaf, ya miƙo hannu.
Ba tawul.
Tawul na jikin Saku a ƙarshen layi,
ba zai saki ba sai ya ɗauraye kumfarsa,
ba zai ɗauraye ba sai uban ya fito,
uban ba zai fito ba sai da tawul.
Gida ya tsaya cik.

Tuulikki ta yi abin da duk injiniya ke yi
in ilimi ya ƙare:
ta kashe wutar gidan, ta kunna.
Ilmari ya ƙwalla ihu a duhu. Ba abin da ya sauya.

Sai Venla ta nuna taga.
Can ƙarshen lambu, cikin dusar ƙanƙara,
hayaƙi na tashi daga ɗakin surace,
tsoho ya fito jajir, yana tururi, yana fito,
da tawul biyu a kafaɗa.
Ashe akwai ƙwaƙwalwa ta biyu a gidan,
tana zaman banza tun Litinin.

Tuulikki ta nemi rasit, ba sauran wurin rubutu.
Ta mayar da agogo kicin.
Ƙwai, aƙalla, ba ya tuɓe riga uku.