Kada Ka Gode

Ta bisa shinge Hilkka ta miƙo mini ita,
dunƙulen saiwa cikin tsohuwar jarida,
ƙasa na zuba, tsutsa ɗaya na leƙe.
Na buɗe baki, ta ɗaga yatsa:
"Kul, Tauno! Ba a gode wa mai ba da shuka.
In ka gode, ba za ta kama ba."
Na haɗiye kalmar kamar ƙayar kifi,
na koma gida da ita a maƙogwaro.

Shekara goma sha tara ke nan.

Bayan ɗakin itace na haƙa mata,
inda rana ke yini, ruwa ba ya kwana.
Taki kwando guda, tokar murhu tafi biyu.
Shekarar farko ganye kawai ta yi,
har na ce ko ciyawa matar nan ta ba ni.
Ta biyu, a Agusta, ta zarce ni tsawo,
kowane kara da ƙwallo a ka,
rawaya kamar gwaiduwar ƙwan kazar gida.
Mu nan Savo kultapallo muke ce mata,
ƙwallon zinariya,
ko da yake ba ta taɓa biya mini kuɗin wuta ba.

Na san halinta kamar yunwar cikina.
Tsawo gare ta, ba ƙashin baya:
ruwa ɗaya da iska daga tabki,
sai ka tarar ta yi rub da ciki a laka.
Turke huɗu, da igiyar tsohuwar komata,
in ɗaure mata ƙugu tun Yuni
kafin girman kai ya kama ta.
Dodon koɗi na son toho;
da tsakar dare nake tsince su, ba fitila,
don daren Yuni a nan ba ya rufe ido.
Duk shekara uku tsakiyarta kan tsufa,
in sa shebur in tsaga ta, ba tausayi.
Mai kawo wasiƙa ya samu, likitan shanu ya samu,
kowa na toshe masa baki.

Oktoba in sare karan, in bar taƙi guda.
Dusar ƙanƙara ta zo ta zauna wata biyar,
tabki ya daskare har mota na bi ta kai.
In tsaya a taga da kofi
ina duban farin wuri, ko alama babu.
Tana ƙasa, tana ƙirga kwana. Ni ma haka.

Bara 'ya'yan Hilkka suka kai ta Kuopio,
gidan kula da tsofaffi.
Masu sayen gidanta suka kawo tarakta,
suka shimfiɗa tsakuwa don mota biyu.
Uwar shukata tana ƙarƙashin taya yanzu.

Da Mayu ya zo, ƙasa ta saki,
na yanko gefe, na naɗe a jarida.
Awa ɗaya da rabi a bas, bokiti tsakanin ƙafafu.
Ba ta gane ni ba.
Ta kira ni Veikko, ƙanenta da ya daɗe a kabari.
Amma ta sa yatsa cikin ƙasar, ta sansana,
ta ce, "Wannan sai da turke."

Ma'aikaciya ta nuna mana gindin katangar kudu.
Ni da shebur, ita bisa keke, bargo a cinya:
"Zurfafa. Ba haka ba. Danna da diddige.
Wa ya koya maka shuka?"
Na ce wata maƙwabciya.
Ta ce, "Ba ta iya ba."

Da na zuba ruwan ƙarshe, ta dube ni,
ta buɗe baki.
Na ɗaga yatsa.
Ta rufe, tana dariya cikin hanci.

Tawa tana nan inda na haɗiye ta,
takan soke ni in na sha ruwan sanyi.
Ran Alhamis zan koma da turke huɗu.