Lambun Ciki

Shekara uku ina zarya
tsakanin tabarma da bayan gida,
sau tara a dare guda,
har buta ta san hannuna a duhu.
Jini da majina.
Aka ce atuni, aka ce basir, wata gwaggo ta ce sammu.
Na sha kafso a kemis ɗin Gangare
kamar mai watsa gyaɗa a baki.

A asibitin Lamingo Dakta Kachollom
ta zura fitila cikin hanjina, ta juyo mini allo:
ja wur, a dame,
tumatirin da ya kwana uku a kwandon Farin Gada.

"Haladu, mece ce sana'arka?"
Na ce lambu. Kabeji da karas,
a bakin tsohon ramin kuza.

Ta ajiye biro.
"Ashe kai ne malamin. Cikinka ma lambu ne.
Akwai 'yan ƙwadago da ido bai gani,
sun fi mutanen Jos, a haɗa da na Bukuru.
Dusar da ka haɗiye ita ce ladarsu,
su ke yaɓe katangar hanji.
In suka ragu, ƙaya ta samu fili,
masu gadin jikinka su ruɗe,
su hau sukar gidan da aka ba su tsaro."

Sai na tuna shekarar da na zarce da feshi.
Tsutsa ta mutu, tana ma ta mutu,
zuma ta yi ƙaura,
ƙasa ta koma daɓe.

"Ana warkewa?"
Ba ta shafa mini mai a baki ba.
"Yana lafawa, yana tashi. Mu ma ba mu gama saninsa ba.
Wannan magani kullum, ko ka ji garau.
Kafso kuwa, sai da takardata."

Yanzu Ladidi na dama mini kunun acca,
kindirmo rabin kofi in ciki ya yarda,
gwate ran da aka yi sulhu,
ba yaji.
Yajin nan har yau ina kewarsa.

Jiya ladan ne ya tashe ni, ba ciki ba.
Na daɗe kwance cikin bargo,
sanyin Jos na leƙe ta ƙasan ƙofa.
Na ɗora tafi a cibiya
yadda nake taɓa kunya bayan ban-ruwa,
na ce a hankali, kada Ladidi ta ji ta yi dariya:
sannunku da aiki.