Harshe Biyu a Gamsarka

Shekara arba'in ina ɗanɗanar ƙasa.
In tsuguna a bakin fangali, in lakato da yatsa,
in kai baka.
In ta yi garɗi, a watsa iri.
In na ji kanwa-kanwa, in ce wa Ilu mu matsa gaba.
Har daga Auyo ake aiko mini
da curin laka a ƙulle cikin leda.

Sai ga Hansatu, 'yar ƙanena,
ta sauka daga motar Kano da la'asar,
da akwati irin na mai gyaran rediyo.
Ta ce, Baffa, ka tuna buhun ƙaiƙayin shinkafa
da na ɗauka bara, kuna ta dariya?
Mun ƙona shi, mun wanke tokar, mun tace,
har ta yi fari fat, ta fi garin alabo laushi.
Ga ta nan.

Na duba, ban ga toka ba.
Zare na gani na gilashi,
bai kai kaurin gashin jelar saniya ba,
wai a kansa aka shafa ta,
shafin da ido ba ya kamawa.

Haske ke shiga ta nan, in ji ta,
ya gangara, ya taɓa ruwan ƙasa, ya juyo.
In ya gamu da gishiri
ba ya dawowa yadda ya tafi.
Na ce, ashe ɗan aike ne.
Ni ma na aiki yara birni,
ba wanda ya dawo yadda ya tafi.

Da hantsi muka shiga gona.
Fangalin farko, harshena ya ce lafiya,
wayarta ta ja layi a kwance.
Na biyu ma haka. Na fara gyara hula.
Na uku shi ne na gindin giginya,
wanda ya biya sadakin Ilu,
ya yi mana rufin kwano.
Na lasa, na ce zuma.
Ta soka zaren kamu ɗaya cikin laka,
layin ya zabura kamar an taka wutsiyar kare.

Ta sake. Ta goge, ta sake.
Ba ta dube ni ba da ta ce,
tana tasowa daga ƙasa, Baffa.
Rani biyu, ko uku, ta kai saiwa,
in ba a yanka mata hanyar fita ba.

Tuwon dare bai wuce mini ba.
Da gari ya yi tsit na ɗauki fartanya da tocila,
na haƙa har gwiwar hannu,
na lakato daga can ƙasan rami.
Ɗaci.
Na daɗe a tsugune, kwaɗi suna ta surutunsu.
Ashe shekara arba'in fatar ƙasa nake lasa,
cikinta ban taɓa gaisawa da shi ba.

Kwana uku bayan haka zaren ya karye,
ɗan akuya ya bi ta kan akwatin.
Saura fangali tara ba a auna ba.
Hansatu ta miƙo mini fartanya,
ta buɗe littafinta, ta ce, faɗi in rubuta.

Yanzu ƙaiƙayi ba ya kwana a juji,
na ware masa buhuna a zaure.
Masu curin laka suna zuwa har yau.
Kafin in kwance ledar nakan tambaya:
daga wane zurfi kuka ɗebo?