Minti Biyar a Dadin Kowa

An ce mini minti biyar,
ranar Laraba, a zauren ƙungiya.
Ni zan tashi gaban baƙin Gombe
in faɗi yadda magudanar ruwa ta karye tun kaka,
yadda albasarmu ke kwana da ƙishi
ga dam a cike, muna hango shi daga gona.

Ni da ko a ɗaurin aure bayan mutane nake nema.
Ni da in na yi sallama sai an ce, "Wa ke nan?"

Na cika shafi huɗu a hasken tocila,
na ɗora wa kowace kalma rawani
irin na masu magana a rediyo.
Da asuba na karanta wa fangalin shinkafa.
Balbela biyu suka tsaya, ɗaya ta gaji ta tashi.

Goggo Dudu na bandar kifi a bakin hanya,
ta ji ni ina wucewa ina ƙunƙuni.
"Zo nan, Hammayo. Faɗa mini."
Na zaro takarda. Ta ce, "Mayar.
Kunnena ba ya shan tawada."

Na soma: "Da farko dai, bisa la'akari da…"
Ta juya tarwaɗa a kan waya, ko dubana ba ta yi ba.
"In mai saye ya tsaya,
ba na ba shi tarihin kogi.
In ɗaga kifi ya gani, in faɗi kuɗi, in yi shiru.
Shirun nan shi ke zaro hannu daga aljihu.
Kai kuwa gudu kake kamar mai bin ka bashi na baya.
Ja numfashi, maganar ba akuya ba ce, ba ta tsinke igiya.
Nemi fuska guda a dama, guda a hagu,
guda can baya wajen takalma,
ka yi da su kamar kuna tabarma ɗaya."

Kwana shida ina zuwa bayan la'asar.
Ta tsayar da ni a tsallaken titin Biu,
ta ce in muryata ta ratso motocin hatsi ta same ta,
to ta isa zaure.
Yara suka yi ta dariya, na ƙyale su.
Shafi huɗu ya koma ɗaya,
ɗayan ya koma layi uku a tafin hannu.

Laraba ta zo.
Gwiwa na kaɗawa a cikin wando,
maƙogwaro kamar na haɗiyi garin kwaki.
Lasifika ta yi kuka, na ja da baya.
Na buɗe hannu, ashe gumi ya wanke layin nan uku.

Sai na laluba aljihun dama,
na fito da albasar bara, mai cika hannu.
Na laluba na hagu,
na fito da ta bana, ba ta kai ƙwan zabo ba.
Na aje su a kan tebur.
Na yi shiru.

Mai tabarau ya kife wayarsa.

Na sami fuskar dama, na sami ta hagu,
ta wajen takalma kuwa Goggo ce, da warin hayaƙi a mayafi.
Na faɗi tsawon inda ya karye, taku tamanin,
na faɗi gonaki nawa ke jira.
Sau ɗaya harshe ya sarƙe,
na kira shugaba da sunan direbansa,
zaure ya fashe da dariya, ni ma na dara,
na ɗauko zaren daga inda ya faɗi.
Kafin minti huɗu na zauna.

Magudana har yau ba a taɓa ta ba,
sun ce za su dawo da ma'auni.
Goggo ta ce, "Shirun ya yi gajere,"
ta naɗe mini kan tarwaɗa a takarda,
na duba, shafina na uku ne.

Wata mai kamawa an sake sa sunana.
Gwiwar nan, na tambaye ta jiya,
ta ce ita dai za ta kaɗa.
Na ce kaɗa, amma a tsaye.