In Ba Ka Tabbata Ba, Ka Ce A'a

Ƙarfe uku na rana, Oulu ta yi duhu.
Tuure ya tasa tsohuwar kwamfutar tashar jiragen ruwa a gaba,
zai ɗinka mata sabuwar ƙwaya.

Tambayoyi sun fi dubu goma,
kowace tana jiran e, ko a'a,
ko a jingine ta sai an buƙata.

Ɗaya ta cije.
Ya nemi bayani, layi ɗaya tak:
"In ba ka tabbata ba, ka ce a'a."

Ya ce a'a. Ma'aunin ƙanƙara ya yi gum.
Ya zazzage jakar takardu,
ya bi tarihin gyare-gyare kamar mai bin sawu.
Kofi ya huce sau biyu.

Can ƙasa, shekara sha tara baya, ga suna:
Aune Kemppainen. Ta yi ritaya, tana hayin kogi.

Ta ɗauki waya da dariya:
"Da jinjiri a kafaɗa na rubuta,
na ce gobe zan ƙarasa.
Jinjirin har ya tsayar da gemu. Ka ce e."

Allura ta motsa.
Ya ɗauki hularsa, ya ajiye,
ya zauna ya rubuta layi na biyu.