Takardar Ƙosai

Shekara biyu ina rubuta takardar mako
ta ƙungiyar manoman rani,
shafi guda, gaba da baya,
a buga ɗari biyu, a raba cikin Daura.

Na iya alƙalami, ko haka na zata.
"Bisa la'akari da", "dangane da haka",
"ya zama wajibi a jaddada":
kalmomi masu babbar riga, sun sha sitaci,
ba mai iya zama kusa da su ya dama fura.

Ran wata Talata na sayi ƙosai gun Tabawa,
da ɗan yaji a gefe.
Ina warware ƙunshi sai ga sunana,
mai ya jiƙa shi har yana ƙyalli,
kan sakin layin da na kwana uku ina gyara.

Na ce, "Tabawa, kin san abin da kika naɗe?"
Ta ce, "Taka ta fi ta kowa, Malam Yusha'u,
ba ta yoyo, ba a kuma biyo sawunta.
Ko yau an kawo dami, ga su can na tara."

Ban ci ƙosan ba. Na tura kekena
har rumfar Sada, gindin darbejiya,
sarƙa ta saki, zuciya ma haka.
Mutum shida a benci, keke uku kacal.
Sauran me suke jira?

Sada bai ko ɗaga kai ba.
"Lawandi, ya ƙafar akuyar nan?
Barau, albasarka ta yi kai, ko har yau tana fushi?"
Yana ɗaure noti yana sakin tambaya,
in ya ɗauko labari sai ya tsaya a tsaka
ya bar wa wani ya ƙara.

Na ce, "Masu faci huɗu ne a layin nan,
me ya sa naka bencin ba ya hucewa?"
"Faci dai faci ne," in ji shi, "gam ɗaya muke saye.
Amma ba taya kaɗai mutum ke kawo maka ba.
Kai in ka zauna rubutu, wa ke gabanka?
Na karanta taka sau ɗaya:
kamar mai shela ya ba gari baya yana kira."

Daren nan na jawo kujera gaban tebur,
na zaunar da Barau a kai, cikin raina,
da hularsa mai huji
da ɗan tarin da yake yi kafin magana.
Na rubuta: "Barau, ina wuni.
Ka ga tsutsar nan mai huda tumatir? Ni ma ta ci nawa.
Kwando tara na sa rai, na tashi da uku.
Zauna ka ji inda na kuskure tun da na fara."

Inda ban sani ba, na ce ban sani ba.
Na tambaya, "Ku a Zango yaya kuke yi?"
Ƙasa kuma ba muƙami, ba lambar ofis,
sai sunan da inna ke kira.

Mako uku shiru.
Na huɗu wani tsoho ya zo daga Sandamu a bayan babur,
takardar a ninke cikin aljihu,
jikansa ya karanta masa har sau biyu.
"Kai ne mai tumatir? To, ba haka ake yi ba, yaro."
Ya cire takalmi ya zauna.
Har la'asar sakaliya muna hira.

Yanzu in ta makara, a rumfar Sada ake tare ni.
Ba duka ke yabo ba.
Lawandi cewa yake na cika surutu,
amma bai taɓa bari mako ya wuce shi ba.
Tabawa kuwa jiya ta kawo ƙara:
wai takarda ta yi wuya a gari,
ta koma naɗe ƙosai da jarrabawar ɗanta ta bara.